A Cire Fedar, a Bar Yaro da Ƙafafunsa

Da zarar Sallah ta ƙarato, akwai wata haja da ke fitowa ƙofar shaguna a Yelwa, kamar yadda take fitowa a Kontagora da Birnin Kebbi: ƙananan kekunan yara, ja da shuɗi da ruwan hoda, da ɗan kwando a gaba, sannan da wasu 'yan tayoyi biyu da aka ɗaura a gefen tayar baya. Magidancin da albasa ta yi wa kuɗi a bana, ko wanda albashi ya shigo masa kan kari, zai tsaya ya taya. Ba ya duba tsawon sirdi, ba ya ɗaga keken ya ji nauyinsa. 'Yan tayoyin gefen nan yake taɓawa, domin su ne hujjar da zai kai wa uwar yaron: "Kwantar da hankalinki, wannan ba ya kayar da yaro." Sai ya ɗaure shi a bayan babur ya nufi gida.

A leƙa gidan bayan wata uku. Galibi za a tarar da keken jingine a bayan ɗaki, tayar gefe guda ta lanƙwashe ta kalli sama, sarƙa ta zube, yayye sun hau sun karya sirdin. Shi kuwa wanda aka saya wa bai iya keke ba, bai ma kama hanya ba. A ce ai yaro ne, bai isa ba, sai ya ƙara girma.

A ganina yaron ya isa, keken ne ba nasa ba. Abin da ɗan shekara biyu zuwa huɗu yake buƙata keke ne mai taya biyu tak, ba feda, ba sarƙa, ba tayoyin gefe, sirdinsa ƙasa-ƙasa yadda idan ya zauna tafin ƙafafunsa biyu za su dafe ƙasa sosai. Ya riƙe kan keken, ya tura da ƙafa. Iyakar abin ke nan. A Turai da Amurka irin wannan keke ya zama ruwan dare a gidajen masu ƙananan yara. A nan kuwa, idan ya faɗo cikin kayan gwanjo, sai mai saye ya jujjuya shi ya ce an cire masa kaya, a rage masa kuɗi.

Me ke hana keke faɗuwa? Yawancin mutane za su ce feda, wai muddin kana takawa ba za ka faɗi ba. Amma kowa ya sha ganin mai keke ya saki feda a gangare yana tafiya abinsa. Aikin feda tura keke gaba, ba ta da hannu a tsayuwarsa. Gaskiyar magana, keke kullum cikin shirin faɗuwa yake, ko dama ko hagu. Idan ya fara karkata hagu, mahayin ya ɗan murza kan keken zuwa hagun, tayoyin su koma ƙarƙashin nauyin jikinsa, ya miƙe. Ya karkata dama, a bi shi dama. Haka ake ta yi tun daga ƙofar gida har gona, gyara ƙanana-ƙanana da ido ba ya kamawa. Shi ya sa idan ka bi sawun keke a kan rairayi mai laima, za ka ga sawun tayar gaba yana ta saƙa da na baya. Tsohon da ya shekara 40 yana kai albasa kasuwa a kan keken Raleigh, tambaye shi yadda yake yi, ba zai iya faɗa maka ba. A jikinsa ilimin yake, jiki kuwa ba ya karɓar wannan karatu sai ya ji karkatar da kansa.

To su 'yan tayoyin gefe aikinsu ɗaya ne, su hana keke karkata. Wato sun ɗauke darasin gaba ɗaya, sun bar wa yaro taka feda, abin da zai iya koya cikin yini guda. Da ma a nan ɓarnar ta tsaya, da sauƙi. Mai keke idan zai sha kwana, cikin kwanar yake kwantawa. Yaron da ke kan taya huɗu kuwa, idan ya juya, nauyinsa waje yake tafiya ya sauka kan tayar gefe, jikinsa ya haddace cewa haka ake yi. Ranar da aka kwance tayoyin, kafin ya koyi sabo sai ya fara mance tsoho. Ranar ce ake ganin uba a sunkuye riƙe da sirdi yana gudu, gumi na zuba, yana "Taka! Taka! Kada ka kalli ƙasa!", yaro na kuka yana "Baba kada ka sake ni!"

Sannan don daɓen siminti da kwalta mai santsi aka ƙera tayoyin nan. A tsakar gida a Wara ko Giron Masa, inda nan tudu nan kwari, nan yashi nan tsakuwa, sau da yawa sukan hau wuri mai ɗan tudu su ɗage tayar baya, yaro ya yi ta taka feda taya na juyawa a iska, keke bai motsa ba. Ga nauyi. Ɗan shekara uku a matsakaici wajen kilo 14 yake, keken ƙarfe mai feda da sarƙa da kwando kuwa yakan haura rabin nauyinsa. Marar feda mai kyau bai fi kilo 3 zuwa 4 ba, yaro da kansa zai ɗaga shi ya tsallakar da shi dokin ƙofa.

Mu mutanen bakin ruwa mun fi kowa dalilin gane wannan. A je Zamare, inda ake haye zuwa Rofiya, ko kowace tungar masunta daga Yelwa har Wara, a kalli 'ya'yan Sarkawa da Gungawa 'yan shekara bakwai tsaye cikin ƙaramin kwalekwale, abin da baƙo ko zama ya yi a ciki sai ya riƙe gefe biyu yana salati. Ba wanda ya ɗaure musu jarkoki a gefen jirgi don kada ya yi tangaɗi. Tun yaro yana goye yake jin rawar jirgi a jikin uwarsa. Da ya fara zama aka zaunar da shi a ciki, jirgi ya karkata ya gyara zama, ya sake karkata ya sake gyarawa. Sai da jikinsa ya san ruwa aka miƙa masa filafili, sai da ya iya filafili ya kai ga tsayuwa ya watsa birgi. Masu tseren jirage a bikin Rigata duk ta nan suka biyo. Daidaita jiki ne farko, tuƙi ya biyo baya, haka kuma keke yake so.

Shi kansa keke da haka ya fara. A 1817, shekarar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a Sakkwato aka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, wani Bajamushe mai suna Karl von Drais ya fito da wani abin hawa na katako mai taya biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Ranar 12 ga Yuni ya hau shi daga birnin Mannheim, ya yi tafiyar sama da kilomita 12 cikin kamar awa guda, yana tura ƙasa da ƙafafu. Sai a shekarun 1860 maƙera a birnin Paris suka maƙala feda a tayar gaba, mai sarƙa irin wanda muka sani kuma sai a 1885 John Kemp Starley ya fito da shi a Ingila. Daga wannan zuri'a Raleigh ya iso mana, ya zama kayan alfarmar malamin makaranta, har kamfanin ya kafa masana'anta a Kano, kafin Phoenix na ƙasar Sin ya zo ya raba kasuwa da shi.

Tsohuwar dabarar Drais ta dawo ne ta hannun iyaye maza. A 1997 wani Bajamushe, Rolf Mertens, ya ƙera wa ƙaramin ɗansa keken katako marar feda, wanda daga baya ya shiga kasuwa da sunan LIKEaBIKE. A 2007 wani Ba'amurke, Ryan McFarland, ya bi keken ɗansa yana cire masa kaya ɗaya bayan ɗaya har ya rage taya biyu da sirdi, daga nan kamfanin Strider ya samo asali. Wani bincike da masana a Fotugal suka wallafa a 2022 ya gano cewa yaran da suka fara da marar feda sun iya tuƙa keke su kaɗai a wajen shekara 4, waɗanda suka bi ta tayoyin gefe kuwa sai wajen shekara 6. Ba na jingina dukan hujjata da wannan, domin gidan da ya nemi irin wannan keke tun farko gida ne mai son keke, yaronsa zai riga na wasu ko ta wace hanya. Amma tazarar shekara biyu ba wasa ba ce.

Mu da muka tashi a zamanin keken haya ma shaidu ne. Ƙananan kekuna ba su wadata ba. Ka tara 'yan kwabbanka ka kai wa mai haya, ya ba ka ƙaton keken da sirdinsa ya kai maka kafaɗa, ya duba agogo. Me ka fara yi? Ka ɗora ƙafar hagu kan feda, ka riƙa dukan ƙasa da ta dama, keken ya ɗan sulala da kai, ka dira, ka sake. Kwana da kwanaki kana wannan kafin ka yi ƙarfin halin zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda ka kamo ɗaya fedar, kana tafe a karkace, ƙugu na rawa. Hawa sirdi sai can daga baya. Ba wanda ya tsara mana, amma daidaita jiki muka fara koya. Sai dai mun biya da fatar gwiwa da ta idon sawu, wani da haƙori, ga faɗan mai haya idan aka dawo masa da kan keke a murɗe. Keke marar feda wannan darasin ne dai, an sauko da shi daidai tsawon yaro, inda faɗuwa ba ta wuce ya sa ƙafa ya tare ba.

Na san abin da wani zai ce a Dugu Tsoho ko Libata: "Malam, muna ta kuɗin taki da na maganin zazzaɓi, kai kana zancen keken 'yan yaye?" Yana da gaskiya, ban kuma ce kowa ya ci bashi ba. Wanda ba shi da hali, ɗansa ya ci gaba da tura tsohuwar taya da sanda yana gudu a bayanta, ƙafafunsa na samun abin da suke so. Da mutum biyu nake: wanda ya riga ya saya keken na nan jingine, da wanda zai saya ko ta ƙaƙa.

Na farkon ya ɗauki keken ya kai wa mai gyara. Ya ce a kwance tayoyin gefe, a cire feda biyu, a sauke sirdi har ƙasa. Sifana lamba 15 ce ke yin aikin. Mai gyara ya san fedar hagu a juye take kwancewa, amma wanda zai yi da kansa a gida ya kiyaye, kada ya yi ta ɗaurewa yana zaton kwancewa yake. In da hali a cire har ƙarfen da fedar ke jiki da sarƙar, don kada su riƙa bugun idon sawun yaro, nauyi ma ya ragu. A zuba kayan a leda a adana, za a neme su. Kada a yi mamaki idan mai gyaran ya ce, "Haba Alhaji, lafiyayyen keke za a lalata?" A zaunar da yaron a gani: tafin ƙafa biyu a ƙasa, gwiwa ta ɗan lanƙwasa. Idan da kan yatsu yake taɓo ƙasa, keken ya fi ƙarfinsa, a bar wa yayansa. Al'adar nan ta sayen abu da girma wai yaro ya girma a ciki, a bar ta wajen tela.

Na biyun kuwa ya tuna muna da masu sana'ar da suka daɗe suna irin wannan aiki. Keken koyon tafiya na katako mai taya uku, wanda yaro ke turawa ana yi masa tatata, kafintan unguwa ne ke buga shi, kuma tunaninsa daidai yake: yaro a kan ƙafafunsa, katako na taya shi kawai. Na robar nan da ake zura jariri a ciki yana yawo da shi, wanda muke ɗauka ci gaba ne, ƙasar Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004 saboda raunukan da yake jawowa. Kafintan da ya iya wancan zai iya wannan. Katako marar nauyi irin malaina, tayoyi biyu masu inci 12 daga mataccen keken yara, sirdi mai ramuka biyu ko uku don a riƙa ɗaga shi yayin da yaro ke tsawo, a goge kowace kusurwa, kada a bar kan ƙusa ko noti a waje. A ƙasar da ake ƙera jirgin da zai haye kogin Kwara da buhunan shinkafa, ba a rasa mai haɗa wannan ba. Tayar iska ta fi daɗin tafiya a kan tsakuwa, amma inda tsidau ya yi yawa gara wadda ba a hura wa iska, in ba haka ba kullum kana wajen mai faci.

Sauran aikin na yaro ne, na babba kuwa haƙuri. Da farko ba zai ma zauna ba, tafiya zai riƙa yi da keken a tsakanin ƙafafunsa. A ƙyale shi. Wata rana zai zauna ya ja ƙafa, wata rana ya fara sassarfa, sannan ranar da ba wanda ya sa rai ya ɗage ƙafafu biyu keken ya sulala da shi. Wani yaron sati biyu, wani wata shida, wani ya jefar ya koma wasan ƙasa sai bayan damina ya waiwaye shi; da rarrafe yaro kan tashi. Kada babba ya riƙe kan keken ko sirdi, domin duk abin da ka riƙe, kai ne kake daidaita shi. In ya zama dole, a dafa bayan yaron. Idan ya kai yana sulalawa mai nisa, yana shan kwana ƙafa a sama, yana tsayawa inda ya ga dama, sai a ɗauko ledar nan a mayar da feda.

Amma fa keken nan yana da gudu, kuma a nan nake so iyayen yankinmu su buɗe kunne. Ɗan shekara uku da ya gwanance zai tsere wa uwarsa, balle kakarsa, birkinsa kuwa ƙafafunsa ne. Yawancin ƙananan ba su da birkin hannu, masu shi ma yatsun yaro ba su cika iya matsa shi ba. A shimfiɗaɗɗen fili ƙafa ta isa, a gangare ba ta isa ba, garuruwanmu kuwa da yawa gangarensu ruwa yake kallo. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, tafkin ya haɗiye tsofaffin gungu da gonaki aka tayar da mutane fiye da 40,000, bakin ruwa bai cika zama wuri guda ba. Yana janyewa da bazara, ya dawo idan farin ruwa ya sauko a ƙarshen damina, baƙin ruwa ya biyo baya da hunturu. Hanyar da a watan Yuni take ƙarewa a busasshen fili, a Nuwamba cikin tafki take ƙarewa, yaro kuwa bai san wannan lissafi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne ruwa ke ci a shekara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Ƙaramin yaro ba sai ruwa mai zurfi ba, kuma ba ya ihu. Labarin ruwa muna jin sa ne idan babban jirgi ya kife, kamar na kusa da Wara a watan Mayun 2021. Na ɗan yayen da ya gangara shi kaɗai ba ya shiga rediyo.

Ga kuma kwalta. Babbar hanyar da ta taso daga Kontagora ta ratsa Yelwa ta nufi Koko da Jega, tireloli da tankokin mai ne ke bin ta dare da rana, direban da ke can sama kuwa ba zai ga abin da tsawonsa bai kai tayar motarsa ba. Don haka tsakar gida, ko filin makaranta, ko ƙofar gidan da ba ta kallon titi ko gangare, nesa da murhu da bakin rijiya, da babba a tsaye, ba 'yar shekara bakwai mai goyon ƙani ba. Takalmi sau-ciki, domin silifas zai fita a daidai lokacin da ake neman birki ya bar yatsu da tsakuwa. Hular kwano ta yara in an samu, a sa. Na sani mu ne mutanen da, lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta hular a farkon 2009, wasu 'yan acaɓa suka kifa ƙwarya a ka. Amma kan da ya saba da hula tun yana shekara uku ba zai ji ta baƙuwa ba yana shekara 20.

Shekara 20 ɗin ma na yi nisa, don yaranmu ba sa jira. A ƙauyukan Shanga da Ngaski, kamar sauran wurare, yara da yawa abin hawa mai taya biyu na farko da suka riƙe kansa babur ne. Ɗan shekara 12, ƙafa ba ta kai ƙasa, an aike shi kai niƙa ko ɗauko taki a kan Boxer, alhali doka ba ta ba da lasin tuƙi sai a shekara 18. An tsallake keke, domin haya ta ja baya, keke kuma ya zama alamar rashi. Yaron da ya yi shekaru a kan keke kafin ya taɓa babur ya san abubuwan da ba a faɗa da baki: yadda yashi ke kwashe tayar gaba, yadda birkin gaba ke kifar da mutum in an danne shi da ƙarfi, yadda akuya ke sake shawara a tsakiyar hanya. Ya koye su a gudun da kuskure ke ƙarewa da ƙujewa. Wanda ya fara da inji, a gudun karaya yake koyonsu. Ban ce keken katako zai sa masu ɗori su rasa aiki ba. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, mu kuma mun watsar da makarantar tuƙin da ta fi kowace araha.

Keke ma lokacinsa na dawowa, ko muna so ko ba ma so. An yi wa Ojo Maduekwe dariya lokacin da yake ministan sufuri a mulkin Obasanjo yana cewa a koma keke, har mota ta ture shi cikin kwata. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, tsadar lita ta yi abin da wa'azinsa ya kasa, magidanta sun kakkaɓe tsofaffin kekuna.

Sai 'yan mata. Keken Sallah kusan kullum na namiji ne, mace kuwa a saya mata 'yar tsana da jaka. Ban ga dalili ba. 'Yar shekara uku ba ta da wata kunya da keke zai taɓa, jikin da ya koya a waɗannan shekaru kuwa ba ya mancewa. Amfanin sai shekara goma gaba zai fito. Bayan sace ɗalibai da aka yi a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri ranar 17 ga Yunin 2021, ba wanda zai zargi uban da ya ce 'yarsa ba za ta kwana a makaranta ba. Saura makarantar jeka-ka-dawo, ita kuma a ƙauyuka da yawa tana da nisa, kuɗin acaɓa kullum ba kowa ke da shi ba, sai karatu ya tsaya a aji shida. Jihar Bihar ta Indiya, mai talauci da yawan ƙauyuka, ta fara ba 'yan matan sakandare kuɗin sayen keke a 2006. Masana tattalin arziki biyu, Karthik Muralidharan da Nishith Prakash, sun bi sawun shirin, suka tarar shigar 'yan mata sakandare a shekarun da suka dace ta ƙaru da kashi 32 cikin 100, galibi a ƙauyukan da makaranta ke da nisa. To ko gwamnatin Kebbi ta raba kekuna gobe inda hanya ke da aminci, sai wadda ta iya za ta hau, budurwa 'yar shekara 14 kuwa ba za ta fito fili tana faɗuwa samari na kallo ba. A tsakar gida, tun tana ƙarama, ake gama wannan.

Ga yaran da iyayensu ba za su taɓa saya ba, ƙofar da na gani ita ce makaranta. Manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 ta sa shekara guda ta share fagen firamare cikin tsarin karatu, makarantun gwamnati da yawa kuma suna da ajin ƙananan yara. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ɗan shekara 1 zuwa 4 ya samu aƙalla minti 180 na motsa jiki a yini, a ajin namu kuwa galibi zaman tabarma ne da bita. Filin makaranta shimfiɗaɗɗe ne, ga malama a tsaye. Sakatarorin ilimi na Yauri da Ngaski da Shanga, idan za a ba kafintoci aikin benci, a haɗa musu da keke biyar ko shida ga kowace makaranta, wasu masu taya inci 12, wasu 14 don 'yan shekara biyar, a riƙa hawa bi da bi, maza da mata. Abin da zai kashe shirin sito ne: a kulle su a ofishin hedimasta wai kada su lalace, sai ranar da baƙi za su zo a fito da su a goge. A rubuta tun farko cewa na hawa ne, a ware ɗan kuɗin faci da noti, a sa mai gyaran keken garin ya riƙa duba su duk ƙarshen zango.